Hirar Harsashi Ta Sa Na Raba Shi Da Madina

A lokacin ina likitan tiyata a wani asibiti a Madina, ina ji da kaina sosai. Duk Juma'a bayan an sauko daga Harami muna haɗuwa cin abinci a gidan wani dattijo ɗan Kano a unguwar Bani Harisa, kuma in na buɗe baki kowa shiru yake yi. Sai aka kawo mana wani tsohon ɗan sanda daga Najeriya, direban wani Balarabe, mai faran-faran da iya labari. Kafin wata biyu ya ƙwace min majalisa, abin yana cina a rai.

Wata Juma'a cikin sanyi, mai gidan ya fito da farwa, rigar nan mai gashin tunkiya, wani ya tsokane shi da cewa ko harsashi ba zai huda ta ba. Direban ya ce zai huda, sai dai kaurin tufafi yana canja aikinsa. Ya ce akwai harsashi mai rami a baki wanda aka yi don ya buɗe ya tsaya a jikin maharin, amma zaren tufafi kan toshe ramin, ya zarce ya sami na bayansa, shi ya sa mai kare kansa yake la'akari da suturar lokacin kafin ya zaɓa. Na sha ciro zare daga irin wannan rauni, na san gaskiya ya faɗa, amma na ce tatsuniyar bariki ce. Ba wanda ya ko kalle ni.

Kafilinsa, wato Balaraben da yake wa tuƙi, majinyacina ne. Da ya zo asibiti, na sako masa zance cewa direbansa ba shi da hira sai ta bindiga. Mutumin ya tsorata, cikin sati uku ya yi masa huruj niha'i, wato sallama ba dawowa.

Ranar tafiyarsa direban ya zo har gidana neman gafara, wai ko ya taɓa ɓata min bai sani ba. Ya ce burinsa ya mutu a Madina, amma Allah bai nufa ba, ya roƙe ni duk na je ziyara in isar masa da sallama ga Manzon Allah.

Jama'a, ku ji tsoron hassada. Ba sai ka yi ƙarya take sa ka cuci mutum ba, ni da maganar gaskiya na yanke masa abinci. Har yau ina isar da sallamarsa, amma ban taɓa iya ɗaga kaina a wajen ba.