Silvanus Kumai da Mujiyoyin Rufin Coci

Ranar Litinin, 14 ga Nuwamba, 1977, da ƙarfe goma da kwata na safe, ina ofis a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan aka zo mini da labari cewa Ubangiji ya kira ka, Malam Silvanus Kumai, bayan jinyar wata biyu. Na rubuta lokacin a littafina kafin in yi kuka. Ka san halina.

Shekara goma sha ɗaya muna bin mujiyoyin da ke rufin cocinmu a Godogodo. Ni na fara, kuma ina so a san haka. Ni na lura suna amayar da dunƙulen gashi da ƙashi, ni nake tsincewa kowace Asabar da safe, ina rubuta abin da ke ciki. Amma kai ka san abin yi da shi. Ka jiƙa shi a kwano ranar kasuwa, ka jera kawunan ɓeraye a tabarma, ka kira Baba Nicholas, dattijon ikilisiya, wanda ya fi kowa ƙin tsuntsun.

"Baba, kyanwarka ɓera nawa ta kama bana? Ban da kifin Mama da ta sata."

"Yaron nan, za ka kashe mu da ƙazanta!" in ji shi, yana dariya yana ƙirgawa da sandarsa. Tun daga ranar ya hana matasa harbin mujiyoyin.

Ni kuwa da na tashi bayan sujada na karanta lissafin shekara huɗu, kafin in kai rabi mata sun fita dafa abinci.

Da wata ƙungiyar masu binciken mujiya ta ƙasar Turai ta buga aikinmu tare da na mutanen Indiya da Kanada, sunanka kaɗai ya fito. Ni aka ce "wani abokinsa". Ka rubuta musu sau biyu su gyara. Da suka aiko maka da madubin hangen nesa, ka hau keke ka kawo mini har gida, ka ce idona ya fi naka haƙuri. Ban gode maka ba. Wata uku na daina zuwa gidanka, na ce aiki ne ya yi yawa. Ba aiki ba ne, Silvanus. Kirkinka ma haushi yake ba ni, domin ko a nan ka fi ni.

Yanzu ga abin da ka bar mini. Mutane sun ce mujiya ta yi kuka a kan ɗakinka kafin ka tafi, suna so a sa hayaƙi a rufin coci, alhali akwai 'ya'ya huɗu a ciki da ba su yi fiffike ba. Jiya dattawa suka zauna. Na yi magana, na roƙa a bar su. Baba Nicholas ya ce, "Zamani, kai ba Silvanus ba ne." Na ce gaskiya ne. Sai matarka Afiniki ta miƙe daga baya ta ce, "Baba, ciwon hanta ne ya kashe mijina, ni na yi jinyarsa. Ku bar tsuntsayen." An ɗaga maganar zuwa Kirsimeti. Bayan nan sai abin da bakina ya iya, kuma ban tabbata zai iya ba. Amma zan je kasuwa ranar da take ci, da kwano da tabarma kamar yadda ka yi.

Ubangiji ya ji ƙanka, ya ba ka hutu a wurin Yesu Almasihu. Mama Afiniki, ke da 'ya'yanku Bernice da Eli, Allah ya ta'azantar da ku, ya zama uba a gidan. Ni kuma ya gafarta mini kishin da na yi wa abokina, domin ko jiya da aka ambaci sunanka kowa ya yi tsit, na ji kishin ya motsa.

Zamani Bartholomew
Kafanchan