Rakiyar Surukina Zuwa Tanut

Daga gida zuwa Belbeji

Kafin kiran assalatu muka ɗora Baba a kan amalanke. Baba surukina ne, mahaifin matata Rabi. An zaɓe ni rakiya don ni ne mushen lakwal ɗin garinmu, wato malamin makaranta, ina jin Faransanci. Babu wanda ya tsaya tunanin cewa tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, balle in tambaye shi inda ke masa ciwo.

Abin da na sani, daga bakin mata na ji shi: yana zubar da jini in ya zaga, ya rame, an yi ta ba shi sassaƙen basur a banza. Shi kuwa ya riga ya yanke hukunci cewa jifa ce, kuma daga gidan da suke rigimar gona ta fito.

Hantsi ya yi muka shiga Belbeji. Na sayo fura na miƙa wa Baba. Ya juya baya kamar yadda ya kamata, amma ina kallo ta wutsiyar ido ya tuttular da ita a gindin itacen bedi. Mai furar, wai, ta cika kallonsa.

Hanyar Tanut

Bayan azahar muka sami kamyo, babbar mota mai ɗaukar hatsi. Direban Buzu ne, ya ba Baba gaba, ni na hau kan buhuna. Kusa da ni wani mutum ne mai baƙin tabarau, rungume da jakar fata. Tun kafin mu fita kwarin Tarka ya san abin da ya fito da mu.

"Mushe, kada ka bari su yanka tsohon nan," ya ce. "Ina da allura daga Libiya. Jini take shiga, ta ce wa ciwon ya daina girma. Har 'ya'yansa ta tsare."

"A ina ka yi aikin likita?"

"Wurare da yawa."

Raina bai kwanta da shi ba. Da muka iso shingen jandarma, sai na ga ya tura jakar ƙarƙashin buhu ya zauna a kai. Haushi ya kama ni, don na lura ya riga ya yi wa Baba raɗa a inda muka tsaya salla, kuma Baba ya saurare shi fiye da yadda yake sauraron kowa.

Tanut

Mun sauka gidan wani ɗan garinmu mai sayar da fatu. An kawo tuwo da miyar kuka. Baba bai taɓa ba sai da mai gidan ya fara ci.

Da safe muka je likita, wato asibiti. Lokotoron saurayi ne, baƙo daga yamma, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Ya ce in tambayi Baba kalar jinin, da yadda bayan gidansa yake fita. Na sunkuyar da kai. Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Baba, wai yaya jikin?"

"Da sauƙi," in ji Baba, yana kallon bango.

Lokotoro ya ajiye alƙalami. Ya ce mini in mun zo gaisawa ne, akwai masu jira a waje. Na ji zafin maganar, amma gaskiya ya faɗa. Sai na juya wa Baba baya, na fuskanci ƙofa, na yi tambayar kamar da ƙofar nake. Shi ma ya amsa wa bango. Haka muka yi har aka gama.

Bayan lokotoro ya duba shi, ya ce ba basur ba ne. Ƙari ne a hanji, yana zargin ciwon daji, sai an je Damagaram an yi aiki. Na kawo zancen allurar Libiya. Ya yi tsaki. Ya ce kowace tsoka a jiki tana da umarnin da ta gada daga iyaye, na girma da na tsayawa, kuma wannan ciwo lalacewar umarnin ne. Masu bincike suna fatan wata rana su iya gyara shi. Yau dai babu wannan allura ko a ƙasar Turawa, balle a jakar wani.

Sannan ya tambaya ko akwai wanda ya yi irin ciwon a dangi.

"Mahaifina," in ji Baba. "Da wana."

Lokotoro ya ce wani lokaci abin yana bin jini, a sa ido a kan 'ya'yansa. Rabi ce ta faɗo mini a rai. Na fassara wa Baba.

A bakin ƙofa mai tabarau yana jiranmu. Baba ya wuce shi ko kallo babu. Ni ma ban sami wata nasara ba, don Damagaram ɗin ma ya ce sai ya yi shawara da 'yan'uwansa. Bai gama yarda da lokotoron ba.

Komowa

Kamyon gishiri ya mayar da mu Belbeji, amalanke ya ƙarasa da mu. Da rumbunan garinmu suka bayyana, Baba ya ce a tsaya. Ya juyo ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba.

"Mahaifina ya rasu tun ba a sari gonar nan ba," ya ce. "Babu wanda ya jefe shi. Ni zan je Damagaram ko ba zan je ba, wannan nawa ne. Amma Rabi, in ka ga ta fara ramewa, ka tambaye ta da bakinka. Kada ka tsaya kallon ƙofa."

Na ce to, Baba.

Mun shiga gida da la'asar. Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa mai fatu da direban da ya ba tsoho gaba. Rabi ta kawo mini ruwa, na karɓa, na tsaya ina duban wuyan hannunta har ta tambaye ni ko lafiya.