Ranar Da Baƙi Suka Cika Mana Zaure

Yayana ne ya kafa mana zauren hira na intanet, a kan wata tsohuwar kwamfuta a shagonsa na gyaran waya a Kazaure. Ba na wani kamfani ba ne. Irin manhajar nan ce da kowa zai iya kafa nasa, zaurukan kuma su riƙa miƙa wa juna saƙo daga ko'ina a duniya. Mutanenmu na Roni da Gwiwa da Babura suka shiga, ana gaya wa juna inda aka yi ruwa da inda tsutsa ta faɗa wa gero. Da zai tafi Umara, ni ya bar wa shagon da zauren.

Wata safiya na buɗe shago na tarar fankar kwamfutar tana ta ƙugi. Baƙin sunaye ne ke tururuwa, babu fuska babu gari, kowanne yana zubo saƙo iri ɗaya. In na goge wannan, wasu su fito. Da fari tallan caca ne. Kafin azahar sun koma hotunan da bakina ba zai iya faɗa ba.

Kawuna mai sayar da shanu ya kira daga Babura.

"Ke, wace ƙazanta ce wannan? A kara na buɗe, cikin mutane!"

"Wallahi Kawu ba ni ba ce."

"To daga shagon wa take fitowa?"

Sai a lokacin na gane: duk abin nan cikin kwamfutarmu yake taruwa. Wa zai yarda ba mu muka ajiye ba? Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofa, sai na ce 'yan sanda ne. Na sakaya ƙofa, na zare wayar wuta, na zauna a ƙasa.

Sai bayan la'asar na samu Yaya a waya. Ya ce ba mutane ba ne, na'ura ce aka saki, ba ta ma san da garinmu ba. Wannan ya ƙara tsorata ni, don babu wanda zan roƙa ya bari. Na mayar da wutar, yana faɗa ina dannawa, muka rufe rajista, muka yanke hulɗa da zaurukan da suke turowa, muka share.

Da hanya ta buɗe, saƙonnin mutanenmu da suka maƙale tun safe suka fara shigowa. A ciki har da na wata mata daga Gwiwa, tana neman mai ba 'yarta jini, 'yar tana kan gwiwa a asibiti. Babu wanda ya gani.

Na kira lambar da ta bari, ta daɗe tana ƙara. Mijin matar ne ya ɗauka. Ya ce wani ɗan acaɓa ya bayar, an sauka lafiya, an sami mace. Na yi masa barka, na yi ta maimaitawa. Ya tambaye ni ko lafiya, na ce lafiya lau.