Kowace Takarda

A shekarar da na fara aiki aka sa ni cikin kwamitin da zai tsara kwashe shara daga ƙofar gidaje a Ƙofar Atiku, domin a sake sarrafa abin da zai sarrafu. Mu biyar ne, ni ce ƙarama, kuma ni kaɗai ce mace. Shugabanmu mutum ne mai son raha. Da ya ji ina taɓa rubuta waƙa sai ya laƙaba mini Malamar Baiti, ya kuma ɗora mini rubuta sanarwar da za a raba gida-gida.

Tsarin ba shi da wuya. Kowane gida za a ba shi buhu uku: shuɗi na roba da leda, ja na gwangwani, fari na takarda da kwali. Ran Asabar da hantsi a fito da su bakin ƙofa, a zo a kwashe. Na yi kwana uku ina juya kalmomin sanarwar nan. Da farko na rubuta cewa jarida da kwali su ne na farin buhu, amma da na karanta a fili sai na ji layin yana ɗingishi. Na goge, na sa: "Kowace roba a shuɗi, kowane gwangwani a ja, kowace takarda a fari." Ya zauna daram a kunnena. Shugaba ya karanta ya ce, "Wannan ai kalangu kawai ya rage masa." Na koma gida ina ganin lungunan da ke gangarawa Hubbare a idon zuciyata, babu leda ko ɗaya a kwata, buhuna jere a ƙofofi kamar 'yan makaranta.

Sai batun wanda za a ba aikin. Bayan tacewa, biyu suka rage. Na farko wani kamfani ne mai babbar mota da ke matse shara a cikinta, wakilinsu saurayi ne mai kwat da ƙamshin turare. Na biyu wani dattijo ne daga Dundaye. Da damina manomi ne, da rani kuma shi ne babban masu tura kura suna sayen roba da gwangwani unguwa-unguwa, kuma akwai mata a gidansa da maƙwabta da ke zama suna ware kayan. Ya rubuta mana cewa in ya samu aikin nan, mutanensa za su zauna gida shekara ta zagayo, ba sai sun watse cin rani ba.

Ranar ganawa wakilin kamfani ya haska mana hotuna a bango, ya yi magana rabi Hausa rabi Turanci, muka gyaɗa kai. Da aka kira dattijon, ya shigo da sallama, ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ya zauna a bakin kujera.

"Ranka shi daɗe," ya ce wa shugaba, "ni ba ni da hoto. Amma kurata na shiga lungun da motarsu ba ta shiga." Sannan ya zaro sanarwata daga aljihun rigarsa, a nannaɗe. "Ina da tambaya guda. Wa yar rubuta wagga takarda?"

Shugaba ya nuna ni da biro. "Ga ta nan, Malamar Baiti."

Na sunkuyar da kai ina murmushi, ina jiran yabo.

"Ɗiyata," ya ce, "kin ce kowace takarda. Har wadda ad da sunan Allah? Garin ga babu gidan da babu rubutu. Katin ɗaurin aure akwai bisimilla bisa, kalanda akwai aya, ga littattafan Islamiyya da sunka yage. Mu in mun tsince su ware su mukai, a ƙona wuri mai tsarki, a bizne tokar. Ku mi kunka shirya?"

Na san gaskiya ya faɗa tun bai rufe baki ba. A gidan malamai aka haife ni. Mahaifina yana iya tsayawa tsakiyar hanya ya duƙa ya ɗauki guntun takarda mai rubutun Arabiyya, ya kaɗe ƙasar, ya cusa ta a tsagar bango inda ƙafa ba za ta kai ba. Ni ma haka na tashi ina yi. Amma a wannan lokacin ba takarda nake gani ba. Abin da nake gani shi ne an yi mini gyara a gaban maza huɗu, kuma wakilin kamfani, da ke zaune gefe yana jiran a sallame su, ya yi wani guntun murmushi yana kallon wayarsa.

"Baba," na ce, da wata murya da ban san ina da ita ba, "wannan ƙaramin abu ne. Za a duba shi daga baya."

Wani a cikinmu ya ce, "Baba, kwangila ka zo nema ko limanci?" Aka yi dariya. Ni ma na yi. Dattijon ya nannaɗe takardar ya mayar aljihu, ya ce, "To, Allah shi zaɓa abin da yaf fi alheri."

Kowannenmu yana da takardar ba da maki. Akwai layin da aka rubuta "fahimtar tsarin aiki". Na daɗe ina kallon layin nan, sannan na ba shi maki mafi ƙanƙanta. Da aka haɗa, kamfani ya yi nasara da ɗan rata kaɗan, kuma ratar daidai take da abin da na hana shi. Sanarwar kuwa an riga an buga ta, ban ce a gyara ba.

Asabar ta uku da fara aikin na je gaida gwaggona, wadda gidanta ke cikin unguwar. Na same ta a tsakar gida tana tankaɗe, fuskarta a sake.

"Ke, Allah shi yi miki albarka," ta ce. "Kin sauke min nauyi."

"Wane nauyi, Gwaggo?"

"Takardun Malam mana." Mijinta marigayi take nufi, wanda a gabansa na fara karatun allo. "Tun da yar rasu gara ke cin wasu, duk sun warwatse, ni kuwa ba ni da ƙarfin haƙa rami. Da nig ga farin buhu, kuma anka ce ke kinka rubuta, sai nic ce to, ɗiyar gidan malamai ba ta cewa kowace takarda sai ta san inda za a kai ta. Na zuba su duka."

Kafin ta gama na jiyo ƙugin motar. Na fita da gudu, mayafina a hannu. Motar ba ta iya shigowa lungun ba, tana can bakin titi, ma'aikata suna jan buhunan a ƙasa. Shuɗi, ja, fari, duk baki ɗaya suke jefa su, injin yana matsewa, wani baƙin ruwa yana ɗiga ta ƙasa. Buhun gwaggo ya riga ya fashe a hanya, wani ma'aikaci yana tara abin da ya zube da takalminsa na roba. Ba laifinsa ba ne. Babu wanda ya gaya masa komai, kuma ko kallon abin da yake turawa bai yi ba.

Na durƙusa ina tsinta. Shafi shida ko bakwai na samu, a jiƙe. Na gane rubutun hannun Malam, baƙin tawada da jan wasali, da ƙananan bayanai da yake yi a gefe. Sauran sun shige cikin motar. Da na ɗaga kai, gwaggo tana tsaye a ƙofar zaure, garin tankaɗe a hannuwanta, maƙwabta sun leƙo. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Haka anka shirya?"



Asabar ta gaba babu farin buhu ko ɗaya a ƙofofi. Wadda ta biyo baya, har shuɗin da jan sun ɓace. Mata suka mayar da su na zuba gawayi. Kwamiti ya zauna, kowa yana ɗora wa kamfani laifi, ni kuwa ina jin kamar kujerar tana ƙona ni. A ƙarshe na ce ina da magana. Na faɗi yadda na canja kalmar don daɗin kunne, na faɗi makin da na ba dattijon da dalilin da ya sa. Shugaba ya cire tabarau ya murza ido.

"Ba ke kaɗai kika yi dariya ba," ya ce. Ranar bai kira ni Malamar Baiti ba.

Aka duba yarjejeniyar. Ba za a iya ƙwace aikin daga kamfani ba, amma ana iya cire ɓangaren takarda a ba wani. Shugaba ya ce a ba dattijon, kuma ni ce zan je in gaya masa.

An yi ruwan farko kwana biyu kafin in tafi Dundaye. A gida aka ce yana gona, wata mata ta nuna mini hanya. Na same shi yana shukar gero, yana sara da sungumi, yana jefa iri, yana rufewa da diddige. Ya gane ni tun daga nesa.

"A'a, mai kowace takarda! Lahiya?"

Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi saƙon. Ya saurara har na gama.

"Ɗiyata, kin makara," ya ce. "Kurayen na saida ma 'yan garuwa. Mutanena da sunka ji ba mu samu ba, wasu sun yi kudu, kuma ba su dawo shuka ba. Matan sun koma sana'ar turara shinkafa. Da wa zan yi aikin?"

Da na juya a nan, da bai taɓa sanin sauran ba. Amma na gaya masa. Na ce makina ne ya kayar da shi, kuma ba don bai fahimci tsarin ba, don ya fi ni fahimta ne a gaban mutane.

Ya jingina da sungumin ya dube ni. "Ashe hakanan ta. Ni duk na aza rigata ce ba ta yi musu ba." Ya yi 'yar dariya wadda ba ta daɗe ba. Sai ya kalli gabas, inda hadari ke haɗuwa. "Akwai guda cikin waɗanda sunka tahi, matatai na da ciki," ya ce. "Shi nis so shi zauna."

Na ce ya yafe mini.

"Allah shi yahe muna baki ɗaya," ya ce. "Ku je ku yi buhu na huɗu, ku aje ga ladanin kowane masallaci. Su sun san yadda akai."

Ya ɗaga sungumin ya koma bakin aikinsa. Na daɗe a tsaye, ban san ko an sallame ni ba. Da na juya zan tafi sai ya kira ni ba tare da ya waiwayo ba.

"Ki bi ta kwari, ɗiyata. Kada ki taka kunya, na riga na shuka."