Ƙwan Ƙanwata a Hanyar Kachia

Garin bai gama wayewa ba muka bar Kafanchan, ni da ƙanwata da wani ƙanen marigayi mijinta, bayan mota cike da kiret-kiret na ƙwai. Tun da mijinta ya rasu ta kama kiwon kaji. Wata mai shago a Sabon Tasha ta ce za ta gwada ta sau ɗaya tak: in ƙwai ya iso lafiya za ta riƙa ɗauka duk mako, in ya iso a farfashe kowa ya kama gabansa.

Sanyin damina a gindin dutsen Kagoro ba ya wasa. Na tsaya wajen mai faci ya sa gejin auna iska, domin iskar taya takan ragu da sanyi, kuma da safe kafin ta yi zafi ne ake samun gaskiyarta. Ya ƙara wa tayoyi biyu iska daidai yadda aka rubuta a jikin ƙofar mota. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina zura yatsa cikin zanensu, babu wadda ta suɗe. Mutanen motata suna ta hamma, wai na cika tsirfa.

A Samaru Kataf muka sayi gasasshiyar masara, tsadarta har ta sa na tauna a hankali. Daga Zonkwa rana ta buɗe, kwalta ta bushe, mota ta kama hanya sosai. Ramuka dai suna nan inda na bar su bara, sun ma yi 'ya'ya. Tafiyar hawainiya na yi ta yi, har masu babur ɗauke da buhunan citta suna wuce mu suna waiwaye.

Da muka tsaya shan nono a Kachia, ƙanen mijin nata ya taɓa taya ya janye hannu.

"Yaya, tayan nan ya yi zafi, zai fashe fa. Mu rage iska. In ya yi laushi ma zai ji tausayin ƙwai."

Har ya tsinko tsinke zai danna bakin tayar. Direbobi biyu da ke wurin suka goya masa baya, wai kowa haka yake yi. Na ce a'a. Taya mai ƙarancin iska ita ce ke lanƙwasa tana ƙara zafi, kuma in ruwa ya sauko ba ta iya korar shi daga ƙarƙashinta. Ƙanwata ta dube ni ta dube su, ta rasa wa za ta bi. Sai ta ciro kiret ɗaya ta ɗora a cinya, wai ko wannan ya tsira.

Ba mu yi nisa ba hadari ya haɗu, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Na ƙara rage gudu. Muna shan wata kwana sai ga shanu sun cika hanya, wani dattijon Bafulatani yana ɗaga sanda. Na taka birki a hankali, na ƙara takawa. Ƙanwata ta ƙwalla, "Yesu!" Tayoyin suka riƙe kwalta, motar ta tsaya cak ba ta karkace ba, saura taku biyu mu taɓa wani bijimi. Dattijon ya ce, "Sannu, Malam," ya kora abinsa.

Na waiwaya. Ƙwan da ke baya duk lafiya. Na cinyarta kuwa, tsabar tsoro ta rungume shi a ƙirji, zaninta ya zama wainar ƙwai. Dariya muka yi har da ita, hawaye na zuba.

Da muka isa Sabon Tasha, mai shagon ta ɗaga kiret ɗaya bayan ɗaya tana juya ƙwan a hannu, fuska ba walwala. Can ta ce, "Madam, ki kawo ran Talata."

Da yamma muka iso gida. Abin da tafiyar ta tabbatar mini shi ne, a auna iska da sanyin safe, a bar ta da rana, a sassauta ƙafa in an ga ruwa, kuma yawan masu ba da shawara ba ya mai da ita gaskiya. Ƙanwata ko zani ba ta canja ba ta wuce ɗakin kaji. Daga tsakar gida na ji ta tana ce musu, "Ku ci ku ƙoshi, an karɓe mu."