Ashe saniya na yi wa inshora

Jiya ina kakkaɓe tsohon akwati sai ga takardar inshorar mashin ɗina ta wajen 2007. Nan take na tuna ranar da na tsaya a ofishin inshora a Lafia, hannu naɗe da bandeji.

Lokacin ina acaɓa. A hanyar Obi saniyar wani Bafulatani ta faɗo titi, na kwashe ta. Ƙafarta ta karye, mashin ya yi raga-raga. Ban damu ba, ai ina da inshora. Shekara uku ina sabunta ta, tana ƙarƙashin sit ɗin mashin cikin leda kamar laya.

Matar da ke kan tebur ta duba ta ce, "Malam, irin wannan ba ta gyara mashin ɗinka. Wanda ka buge take biya."

Na ce, "Madam, hannuna fa?"

"Ba ya ciki. Amma ka turo mai saniyar, shi yana da haƙƙi."

Ashe duk shekarun nan saniyar wani nake yi wa tanadi! Mu 'yan acaɓa don 'yan sanda kawai muke yankar takardar, babu wanda ya taɓa tambayar abin da ke ciki.

Mashin ɗin da nake ciyar da iyali da shi, a kilo na sayar wa 'yan gwangwan.

Kai da takardar inshora take aljihunka yanzu, tsakani da Allah, ka san wa take karewa? Faɗa mana.