Injin Juya Ƙwan Inna

Ciwon baya ya hana Inna sunkuyawa a shekarar da na fara koyar da lissafi a Gusau. Sana'arta ƙyanƙyasar ƙwan zabi ce a Bungudu, cikin wani akwatin katako mai ɗumi da ke aiki da wutar sola. Ƙwai kuwa sai an riƙa juya su sau da yawa a yini, in ba haka ba tsakon ya manne wa ɓawo ya mutu. Ta ce za ta haƙura da sana'ar.

Na ce, "Inna, ki ba ni wata guda."

Na ciro wani ƙaramin inji daga cikin matacciyar firinta. Ba ya wulwulawa kamar fanka, taki-taki yake tafiya gwargwadon umarnin da aka ba shi, masu gyara suna ce masa sitefa. Na sayi allon lantarki da bai kai tafin hannu ba, wanda ake rubuta wa umarni daga kwamfuta, da wani ɗan guntun allo da ke kai wa injin wuta. Na haɗa su. Injin ya kama karkarwa kamar mai zazzaɓi, ko taki ɗaya bai yi ba. Mako biyu ina sauya umarni a banza.

Wata Asabar na hau mota zuwa Tsafe, wurin wani dattijo mai gyaran rediyo da aka yi mini kwatancensa. Bai ko kalli kwamfutata ba. Ya ɗauki biyu daga cikin wayoyi huɗu na injin, ya haɗa bakinsu, ya ce in murza sandar injin. Ta juya sakayau. Ya sauya waya ɗaya, sai na ji ta yi tauri a hannuna.

"To, Malam, waɗanga 'yan ɗaki guda na," in ji shi. "Kai ka raba su."

Na gyara wayoyin a nan kan bencinsa, injin ya taka.

Gwajin farko a Bungudu bai yi daɗi ba. Farantin ƙwan da na haɗa da injin ya karkata da ƙarfi, uku suka faɗo suka fashe. Inna ta dai sa kaza ta lashe. Na zauna a tabarmarta na ƙara jinkiri tsakanin taki da taki, na gwada da duwatsu har la'asar. Sai guntun allon ya yi zafi, na rage masa wuta da ɗan sukurun da ke jikinsa. Daga nan farantin ya riƙa kwantawa a hankali, ido ma da ƙyar yake gani.

Bayan mako huɗu ta kira ni ina tsakiyar aji. Ta kara wayar a bakin akwatin, na ji kukan 'yan tsaki ya cika kunnena. Da ta dawo kan wayar sai ta ce wata ƙawarta daga Nahuce tana son irin injin, in fara neman wata firintar.